Laraba, ni da 'yan SS3 da Baroka

Yau darasi biyu gare ni a jere da 'yan SS3 bayan an dawo daga tara, ga zafi ga ba wuta, fankar ajin ma dai ado ce. Mun gama karanta The Lion and the Jewel na Wole Soyinka tun makon jiya, yau batun jigo kawai ya rage. Ina rubuta tambayar a allo ban ko ajiye alli ba suka haɗa baki kamar masu karatun allo, wai rikicin al'ada da zamani. Na ce to madalla, a wane shafi kuka gani? Shiru. Ɗan littafin nan na taƙaitawa da ake saidawa a bakin get shi suka haddace, kuma tun da WAEC ta sa wasan a jerin littattafanta na 2021 zuwa 2025 amsar kenan da nake gani a takardun yara, layi ɗaya, ba hujja ba komai.

Ba wai amsar ƙarya ba ce fa. Matsalata da ita ita ce wanda bai taɓa buɗe littafin ba ma zai iya faɗinta, ai rabin wasannin da aka rubuta a ƙasar nan wajen samun 'yancin kai za ka iya liƙa musu wannan layin ya zauna daram. Wasan nan a 1959 aka fara yin shi a Ibadan, aka buga shi littafi a 1963, to ba mamaki maganar tana ciki. Abin da nake so su gano shi ne me wasan ya CE game da rikicin.

Sai na goge allon na raba shi gida uku, Lakunle mai neman aure, Sidi budurwar da yake nema, da Baroka sarkin garin da shi ma yake son ta. Na ce ban son jin halin kowa, kar wanda ya ce min wane mugu ne ko wance tana da girman kai, abin da mutum ya aikata kawai za a rubuta, da shafin da ya aikata. Aka fara da Lakunle tunda shi ne malamin makaranta kuma shi suka ɗauka wakilin zamani. Ya hana Sidi ɗaukar bokitin ruwa a ka wai wuyanta zai lotse. Ya ce mata ƙwaƙwalwar mace ba ta kai ta namiji girma ba, wai kimiyya ce ta faɗa. Ya ƙi biyan sadaki, ya jero kalmomin zagin al'adar daga ƙamus har suka ƙare masa, ya ce ai ƙaramin ƙamus ne da shi, ya aika a kawo masa babban. Nan aji ya fashe da dariya, wani daga baya ya ce Malama wannan ai rowa ce kawai ya sa mata kwat.

Maganar sadakin nan ita ta ci mana lokaci, kuma ban hana ba. Wata yarinya da ke zama bakin taga, wadda sai ka yi da gaske kake jin muryarta, ta ɗaga hannu ta ce Malama ai Sidi ba ƙin sa ta yi ba, cewa ta yi za ta aure shi ko yau in ya biya, don in ta shiga ba sadaki garin Ilujinle zai ce ba budurwa ba ce shi ya sa. Na ce buɗe ki karanta mana, ta karanta. Daga nan ta ƙara da cewa shi yana ta kiran zai 'yantar da ita amma abu ɗaya tak da ta roƙa, wanda zai tsare mata mutunci a garinsu, shi ya hana ta. Wallahi sai da na tsaya na dube ta. Yaranmu sun taso sun san sadaki haƙƙin mace ne, don haka wannan gurin ba su sha wahala ba ko kaɗan, duk da na tuna musu garin Yarbawa ne kuma allolinsu Ogun da Sango ake ambata a wasan, kar su ɗora mata fiƙihun da ba nata ba.

Gidan Baroka ne ya rikita su. Monita ya fara da cewa ya ba baturen safiyo cin hanci aka karkatar da layin dogo daga garin, kowa ya gyaɗa kai, maƙiyin ci gaba kenan. Na ce wa ya ba mu wannan labarin? Suka duba, ashe Lakunle ne, abokin takararsa. Na ce to a rubuta amma a sa alama. Sai wani ya tono injin buga kan sarki da Baroka ya sa maƙeransa suka ƙera, wanda ya yi wa Sidi alkawarin za a sa fuskarta a kai. Wata ta tuno ya bar ma'aikatan fada sun kafa ƙungiya har suna da ranar hutu. Kuma da bakinsa ya ce shi ba ci gaba ya ƙi ba, abin da ya ƙi shi ne yadda yake mai da rufin gidaje da fuskokin mutane duk iri ɗaya. To tsoho ɗan shekara 62 mai injin kan sarki, wane gida za mu sa shi, al'ada ko zamani? Aji ya kaure da musu, har malamin ajin kusa ya leƙo.

Akwai gurin da kullum nake taka-tsantsan, wato ƙaryar da Baroka ya yi wa uwargidansa Sadiku cewa ƙarfinsa ya ƙare, don ya san ba za ta iya riƙe magana ba, da abin da ya biyo baya da Sidi ta je yi masa ba'a. Aji ne na maza da mata, na faɗa a taƙaice da kalmomi masu kunya na wuce, samarin baya suna ta sunkuyar da kai suna murmushi. Amma ban tsallake tambayar ba: Sidi da ta ƙare da auren Baroka, zaɓa ta yi ko tarko ta faɗa? Ni a raina tarko ne, kuma ban jin daɗin yadda wasan ke rufewa da kiɗa da rawa kamar ba abin da ya faru, sai dai ban faɗa musu ba, na bari su yi ta.

Saura minti goma na ce kowa ya rubuta jigon da cikakkiyar jimla, ya kawo hujja biyu daga allo. Na tuna musu ai a ajin Hausa suna yin babban jigo da ƙananan jigogi da warwarar jigo, aikin ɗaya ne. Monita ya rubuta cewa mai wayo yana ɗaukar abin da zai amfane shi a zamani ya bar saura, mai kwaikwayo kuma ya tashi a tutar babu. Ta bakin taga ta rubuta cewa maza biyun kowa kansa yake so, ba wanda ya tambayi Sidi. Wata kuma ta tafi kan hotunan mujalla, yadda Sidi ta ga kanta a bango shi kuwa Baroka an maƙala shi a lungu kusa da masai, daga nan kanta ya kumbura. Mutum shida ko bakwai dai sun sake rubuto min al'ada da zamani, ba ƙari.

A ofishin malamai na nuna wa malamin Hausa takardun, dattijo ne ya kusa ritaya. Ya karanta ta yarinyar ya ce Malama wannan ki ba ta maki mai kyau, amma ki gaya mata a jarrabawa ta fara ambato al'ada da zamanin nan tukuna kafin ta kawo nata, don mai makin yana da takardar da yake dubawa. Na ce to Malam, na gode. Raina bai so ba amma gobe zan gaya mata.

Na dawo gida da takardun a jaka, har yanzu rabi ban duba ba, an kawo wuta sai na tsaya guga.