Yadda na samu kariyata ta kama bayan na kashe biyu

Tun ina yarinya nake ganin kariya, 'yar bishiyar nan mai jan fure, a ƙofar gidan kakarmu, amma wallahi ban taɓa ɗaukarta fulawa ba sai da na zo Kaduna na ga masu sayar da fulawa a bakin titi sun jera ta a tukwane suna tsuga mata kuɗi. Shi ne na roƙi goggona ta Unguwar Rimi ta yanko min reshe biyu daga tata.

Ina isowa gida na cusa su a ƙasa, ina ba su ruwa safe da yamma kamar alayyafo, ga shi watan Agusta ne ruwan sama ba ya ɗaukewa, ko sati biyu ba a yi ba suka yi laushi suka ruɓe tun daga gindi. Abin ya dame ni sosai. Da na faɗa wa Goggo ta ce, "Ke 'yar nan, itacen da ke ajiye ruwa a cikinsa kike wa ɗura?"

Sai da zafi ya shigo a watan Maris na sake. Wannan karon na ajiye reshen a inuwa kwana 5 har bakin yankan ya bushe ƙamas, na haɗa yashi irin na magina da 'yar ƙasa da dakakken gawayi a tsohon bokitin fenti da na huda wa gindi, ruwa kuma sau ɗaya a sati, shi ma ɗan kaɗan. Da na ga sabon ganye ya leƙo sai da na kira maigidan ya zo ya gani.

Don Allah masu yara ku kula, ruwan da ke fita in an yanka dafi ne, mafarauta ma suna shafa shi a kibiya. Ni leda nake sa wa hannu.

Abu ɗaya da ban samu ba shi ne ƙaton gindin nan mai kama da tulu, ashe wadda aka shuka daga iri ce ta fi yin sa. Ta Goggo ta fitar da kwanso biyu kamar ƙahon akuya, mun ɗaure su da zare don in suka fashe iska ce ke kwashe irin, yana da gashi kamar audugar rimi. Su nake jira su bushe yanzu.