Kada a yi mata fomat, a fara kawo mini ita

Shagona yana Samaru a Zariya, saboda haka rabin masu shigo mini ɗalibai ne. Ina gyaran kwamfuta kamar kowane mai gyara, amma aikin da aka san ni da shi, wanda kuma nake alfahari da shi, shi ne ceto bayanan mutane da adana musu su tun kafin su salwanta.

A Sabon Gari na koyi sana'ar, wurin maigidana, Allah ya jiƙansa, zamanin Windows XP, lokacin ana yawo da fulofi mai cin mega 1.44. Wata shida na yi ina shara, ina hure ƙurar hunturu daga cikin injina, bai bar ni na taɓa kwamfutar kowa ba. Ranar da ya miƙo mini ta farko sai ya riƙe hannuna ya ce, "Yaro, allo ana sayarwa, batir ana sayarwa. Hoton mahaifin mutum da ya rasu fa, a wace kasuwa za ka sayo masa?" Tun daga ranar ban taɓa goge na'ura ba sai na kwashe abin da ke ciki.

In aka kawo mini laftof ta ƙi tashi, had-disk, wato faifan da ke ajiye bayanai, nake fara cirewa, in jona shi a tawa, in kara kunne. Mai lafiya yana juyi sau 5,400 a minti a yawancin laftof, sautinsa sumul. In na ji ƙas, ƙas, ƙas, allurar da ke karatu ce ta samu matsala, nan take nake kashewa, don kowane kunnawa ƙara yaga faifan yake yi. Wanda kuwa yake karantuwa da ƙyar, manhajar ddrescue nake sa masa. Ita tana fara kwashe wuraren da ke da lafiya, sannan ta dawo ta lallaɓi masu rauni. Wani sai ya kwana biyu a kan inbata, ina leƙa shi har tsakar dare, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki ba na son ya ji ko gezau. A kan kwafin nake aiki da manhajojin dawo da fayiloli, TestDisk ko PhotoRec, asalin kuwa ajiye shi nake yi a aljihun tebur.

Abin da mutane ba su sani ba, goge fayil a had-disk kamar soke sunan ɗan haya ne daga littafin mai gida. Kayansa suna nan a ɗaki har sai sabon ɗan haya ya shigo. SSD, wato sabuwar ma'ajiyar bayanai da ba ta da faifai mai juyi, ita ce ba ta da wannan haƙurin, takan share ɗakin da wuri.

Nan ne takaicina yake da yaran da suka yi wata biyu a shago suka buɗe nasu. Komai aka kawo musu, maganinsu ɗaya: fomat, wato goge duk abin da ke ciki. Bara wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe ta shigo idanunta jawur, saura mako biyu ta miƙa furojet ɗinta. Wani ya yi mata fomat, ya ɗora sabuwar Windows, har ya cika mata da finafinai wai kyauta. Na ce, "Ƙanwata, zauna, kada ki sake kunna ta." Kwana uku ina tace dubban fayiloli marasa suna, ɗaya bayan ɗaya. Babi na ɗaya zuwa na uku suka fito cif, na huɗu rabi, na biyar kuwa fim ya hau kansa. Da ta ga rubutunta a allo sai ta dafe baki da mayafi, ta kasa magana.

Sai kuma filashin jabu. A jiki an rubuta giga 64, ciki ko 8 bai cika ba. Zai karɓi kayanka, ya nuna maka sunayensu, ranar da ka buɗe ka tarar da wofi. Wani dila ya taɓa aiko mini kwali guda, na gwada su da manhajar gwajin filashi ta H2testw, na mayar masa da abinsa gaba ɗaya. Duk filashin da ya bar shagona an cika shi an karanta shi tukuna. Amma sai ka ji mai saye yana cewa, "Oga, can gaba rabin kuɗin nan ne." Haka wanda ka kwana biyu kan had-disk ɗinsa zai ce maka ai kwafi kawai ka yi.

Shi ya sa na fi son a zo mini tun kwamfuta tana lafiya. Ina ɗaukar hotonta ɗungurungum da manhajar Clonezilla, wato kwafin Windows da manhajoji da saituna, ta yadda in ta mutu cikin awa ɗaya ko biyu za ta dawo yadda take. Ina kunna File History, tsarin Windows mai adana kwafin fayiloli, zuwa had-disk na waje, takardu masu muhimmanci kuma su hau Google Drive, tunda giga 15 kyauta ne. Wuri uku ke nan, kuma ina roƙon mutum kada ya sa na wajen a jaka ɗaya da laftof, ɓarawo tare zai ɗauke su. In BitLocker, makullin Windows da ke kulle bayanai, a kunne take, lambobinta 48 sai an rubuta su a takarda a gabana, don in suka ɓata ni ma ba ni da dabara.

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, masu son komawa 11 sun yawaita, kuma kowa sai na ɗauki hoton tasa kafin in fara. In na gama, nakan juya wa mai ita allon, in ce ya zaɓi fayil ɗaya da ransa yake so. Mu goge shi tare, sannan in koma gefe ya dawo da shi da hannunsa.