Sunan folda ya ja mini asarar kwastoma

Abin da nake so bai taka kara ya karya ba: abokaina na Discord, manhajar hira ta intanet, su riƙa ganin ina aiki, kamar yadda ake ganin wane yana buga wasa, wane yana jin waƙa a Spotify. Abin da Discord ke kira Rich Presence dai, mai nuna layi biyu da agogo a ƙarƙashin sunanka. Na yi rajistar manhaja a shafin Discord, na karɓi lambarta, na sa Claude Code, mataimakin AI mai rubuta kod, ya rubuta mini ɗan kod da yaren Python, na ɗaura shi a kan hooks ɗinsa, wato umarnin da yake kunnawa da kansa idan ya yi wani aiki, ta yadda duk fayil ɗin da ya taɓa sai sitatus ɗina ya canza. Tsakanin la'asar da magariba na gama. Abu ɗaya ya ɗan ba ni wahala, Discord ba ya son a dame shi da sabuntawa a jere, sai na sa tazarar daƙiƙa 15.

Cikin bayanan da hooks ke miƙowa har da adireshin foldar da kake ciki. Ni da bakina na ce a saka sunanta a layin farko, wai don abin ya yi kyau.

To, akwai wani Alhaji da nake haɗa wa manhajar lissafin shago, ya riƙe mini cikon kuɗi wata biyu, kullum "sai gobe". Wata rana haushi ya ci ni, na mayar da sunan foldarsa sunan shagon, na liƙa "sai-gobe" a ƙarshe. Na ma manta na yi. Na kuma manta ɗan ƙanwarsa, wanda ya haɗa mu tun farko, zaurenmu ɗaya a Discord.

Da na buɗe foldar Alhajin ina aiki, awa uku agogon nan yana ƙirgawa a ƙarƙashin sunan, ni kuwa ina shan shayi ina jin kaina gwani. Bayan isha'i waya ta yi ƙara.

"Malam, ashe har laƙabi ka yi mini?"

Na ce, "Alhaji, Allah ya huci zuciyarka..." sai harshe ya maƙale.

Ba laifin na'ura ba ne, abin da na ce shi ta yi, kuma wannan ne ke ƙara ci mini rai. Kod ɗin bai kai layi 60 ba, na karanta shi tsaf, amma ban tsaya minti ɗaya na leƙa sunayen foldodina ba.

Yanzu layin farko ba ya ɗaukar komai daga kwamfutata. Jeri na rubuta da hannu, folda huɗu, ayyukana na kaina; duk wadda ba ta ciki sai ya nuna "ina aiki" kawai. Sunan fayil da na reshen Git, manhajar adana tarihin kod, ma na cire, don can ma mutum yana sakin baki. Na kuma shiga saituna na kashe nuna aiki a duk zauren da kwastoma ko danginsa ke ciki.

Alhaji ya turo cikon kuɗin washegari da safe, babu ko sallama. Aikin reshen shagonsa na biyu kuwa wani yaro ya ba.