Inda aka kai da injin Mini 998: an faɗaɗa silinda, saura haɗawa

'Yan uwa masu koyo, ga inda aiki ya tsaya. Injin A-Series ne na tsohuwar mota Mini, mai 998cc, faɗin silindarsa daga kamfani milimita 64.58. Hayaƙi shuɗi-shuɗi da shan baƙin mai ne suka sa aka sauke shi. Da aka ɗage top, wato murfin saman injin, sai ga gaɓa a bakin kowane ramin silinda, daidai inda ringin sama yake juyowa, har farce na maƙalewa. Nan ne ya fi ci, domin nan zafi da matsi suka fi yawa, mai kuma bai cika isa ba.

Amma ido da farce ba sa yanke hukunci. A auna kowane rami sama, tsakiya da ƙasa, sau biyu-biyu: bisa tsawon karanshaf, sannan a gicciye. Awon gicciye ya fi nuna ci, don ta nan fistin ke jingina da bango. Sabon ringi a ramin da ya koma siffar ƙwai asarar kuɗi ce kawai.

An tsaya kan ƙarin inci 0.020, wato rami ya koma milimita 65.09, injin ya zama kusan 1014cc. Akwai fistin na 0.040 da 0.060, amma tunda na 0.020 ya share cin, gara a bar sauran kaurin bango don yankan gaba. Ku riƙe wannan: fistin ake fara saye, a kai wa mai yanka tare da bulok, wato gangar jikin injin, ya daidaita kowane rami da nasa bisa ratar da masu ƙera fistin suka rubuta. Gogewar ƙarshe ta bar zane mai gicciye a bango, shi ke riƙe mai har ringi ya zauna.

Wanki kuwa, nan ake yawan yin sakaci. Fetur ko kananzir ba sa fitar da garin dutsen gogewa. Ruwan zafi da sabulu da buroshi, a yi ta dirza har farin ƙyalle ya fito fes, a busar, a shafa mai nan take, domin tsatsa ba ta jira. A Mini abin ya fi tsanani, tunda giyabos na ƙarƙashin injin kuma mai ɗaya suke sha. Ƙurar da aka bari har haƙoran giya za ta kai.

Kowane ringi an tura shi cikin raminsa da kan fistin don ya zauna daidai, aka auna ratar bakinsa da fila geji, wato siraran ƙarafan auna rata, ana neman wajen inci 0.010. In ya matse, zafi zai haɗe bakunan ya karce sabon bango. Wajen sawa kuma kada bakunan su jeru a layi ɗaya.

Karanshaf ya tafi yanka, inci 0.010, da sababbin metal (ɓawon ƙarfen da yake juyawa a kai) daidai da shi. In ya dawo sai haɗawa: a ɗaure notocin top da ƙarfin fam-ƙafa 50, daga tsakiya zuwa waje, ratar bawul inci 0.012 injin na sanyi.