Laraba a Zariya: ranar da muka sauya masauki

Goman dare ta wuce. Inna ta yi barci tun bayan isha'i, ƙanwata na gefenta tana danna waya, ni kuma ina ɗakin da ke jikin nasu, na jona tawa wayar a caji. Jiya war haka ina zaune bakin gado ina kora sauro da hula.

Laifin jiya nawa ne, ba na kowa ba. Mun taso daga Gusau a makare, muka ratsa Funtuwa da Giwa, muka shigo Zariya bayan magariba. Abin dariyar shi ne mun wuce ta gaban asibitin koyarwa na Shika, wato wurin da ya kawo mu garin saboda gwiwar Inna, muka wuce Samaru, muka wuce Kwangila, muna ta nausawa ciki, don kawai wani abokina ya ce ya san masauki mai sauƙin kuɗi wajen Tudun Wada. Da muka isa an ɗauke wuta. Yaron da ke kan teburin karɓar baƙi ya haska mini ɗaki da fitilar waya daga bakin ƙofa, na ga gado, na ga fanka a sama, na ce ya yi. Na biya kuɗin kwana biyu na ɗaki biyu nan take, ko rasit ban nema ba. Ɗakunan kuma a bene suke. Sai da ni da ƙanwata muka riƙe Inna hagu da dama, tana hawa tana salati, matakala goma sha wani abu.

Da asuba na murɗa famfo ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Babu bokiti a banɗaki, babu buta. Ga hunturu ya sauko, sanyin Zariya kuwa ba irin namu ba ne, har cikin ƙashi yake shiga. Na sauka na tarar da Baba maigadi ya rufa da bargo kusa da garwashi. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ruwan alwala fa?" Ya ce sai an tada inji a tura ruwa tanki, mai makullin injin kuma ba ya zuwa sai hantsi. Allah ya saka wa tsohon nan da alheri, shi ya ba ni butarsa, ya tare mini ɗan garuwa a bakin titi, ya kuma ɗora mana tukunya a kan garwashinsa Inna ta samu ruwan ɗumi. Na ba shi na goro, da ƙyar ya karɓa.

Ƙarfe bakwai muka fito neman abin hawa. A nan na gane abin da duk ɗan gari ya sani: in an ce Zariya, garuruwa ne da yawa a jere a kan hanya guda. Akwai birni cikin ganuwa, inda fada take. In ka fito ta Ƙofar Doka ka shiga Tudun Wada, inda Kongo take, wato wani reshe na Jami'ar Ahmadu Bello. Ka haye Kubanni ka faɗa unguwar PZ da Sabon Gari, garin da ya tashi da zuwan jirgin ƙasa. Daga nan Kwangila, mahaɗar masu zuwa Kano da masu zuwa Kaduna da masu nufar Sakkwato, sai Palladan wajen makarantar koyon tuƙin jirgin sama, sai Samaru inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, sannan can gaba Shika. Mu kuma mun je mun kwana kusan a ƙarshen wancan gefe, alhali buƙatarmu tana ƙarshen wannan. Abin hawa uku muka sauya. A Kwangila muka maƙale cikin cunkoson tireloli da 'yan acaɓa, ƙura ta turnuƙe, Inna ta ja mayafi ta rufe hanci ba ta ce mini komai ba. Da ma faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

An ga Inna, an ɗauki hoton gwiwa, an ɗebi jini, aka ce mu dawo jibi da sakamako. Wannan ya tafi lafiya, alhamdu lillahi. A kan bencin jira na haɗu da wani dattijo da ya kawo matarsa daga wajen Malumfashi, ya ce zuwansa na biyar ke nan. Da na ba shi labarin darenmu ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Yaro, ai ba farashi ake fara tambaya ba. Inda za ka je da safe ake fara tambaya." Ya ce mai harkar asibiti ko babbar jami'a ya nemi ɗaki a Samaru ko kusa da ita, mai harkar Kongo ko fada ko malaman birni ya tsaya Tudun Wada, ɗan kasuwa da mai sammakon mota su nemi Sabon Gari ko kusa da Kwangila. Ya ƙara mini da wata da ban taɓa tunani ba: kafin ka taso daga gida ka tambaya ko makon ya dace da bikin yaye ɗalibai, ko rajistar sababbin shiga, ko ranar da ake yaye kuratan soja a barikin horaswa na Zariya, domin a irin waɗannan ranaku ɗaki kan yi wuya, wanda aka samu kuma kuɗinsa ya tashi.

Na bar su Inna a inuwa na koma ɗauko kaya ni kaɗai. Na isa sha biyu da kwata. Ashe ƙa'idar gidan, kamar ta yawancin irin waɗannan wurare, sha biyun rana ce ƙarshen kwana. Wanda na tarar a teburin ba yaron jiya ba ne, kuma ya ce bai ga inda aka rubuta na biya kwana biyu ba. Da tsabar kuɗi na biya, babu rasit, babu shaidar taransifa. Muka yi ta jan magana har Baba maigadi ya zo ya ce a gabansa aka ƙirga. A ƙarshe aka mayar mini da rabin kuɗin kwana na biyu, na karɓa na yi gaba. Araha ba ta ado.

Masaukin da muke yanzu yana cikin wani layi a Samaru, ɗan nesa da babban titi. Wannan karon da rana tsaka na shiga, kuma ban taɓa aljihu ba sai da na gama dubawa. Na ce a nuna mini ainihin ɗakin da za a ba ni, ba wani mai kama da shi ba. Na fara da banɗaki. Na murɗa famfo na bar shi yana zuba har na ƙirga ashirin, na ja ruwan masai na ga ya tafi, na tambaya rijiyar burtsatse ce gidan ke da ita ko saye suke yi. Na ce a kawo bokiti biyu da buta tun yanzu. Sannan na yaye zanin gado, na ɗaga katifa, na bi ɗinkin gefenta da fitilar waya ina neman baƙaƙen ɗigon nan da kuɗin cizo ke bari, na leƙa tsagar katakon gado. Matar da ke riƙe da makullai ta tsaya tana kallona, ta ce, "Malam, ko daga hukuma aka turo ka?" Na ce, "Hajiya, jiya ce ta turo ni." Ta yi dariya ta ce in duba son raina.

Maganar wuta ita ce na fi tsayawa a kai, domin "akwai wuta" kalma ce mai faɗi. Na tambaya in NEPA ta ɗauke, ƙarfe nawa ake tada janareto, ƙarfe nawa ake kashewa. Ta ce suna da sola mai riƙe ƙwan fitila da fanka da cajin waya har safe, amma ba ya ɗaukar hita ko dutsen guga, ruwan zafi kuma in ana so a faɗa tun dare su dafa a kicin. Wannan amsar ta fi mini daɗi a kan a ce mini komai akwai. Na zaga baya na ga inda injin yake, na zaɓi ɗakunan da suka fi nisa da shi, saboda ƙara da kuma hayaƙi, wanda ke kashe mutane cikin barci in ya samu hanyar shiga ɗaki. Na jona caja a soket ɗin kowane ɗaki, ɗaya ya ƙi, aka sauya mana. Na duba ragar taga, na sami huda guda da yatsa zai shiga, na toshe da takarda. Na gwada sakata daga ciki. Ɗakunan a ƙasa suke, taku shida daga inda mota ke tsayawa.

Akwai tambayar da na ɗan ji nauyin yi amma dole, tunda da uwa da ƙanwa nake tafe: wane irin gida ne da dare? Ana sayar da abin sha na maye? Ana kiɗa? Ba ita kaɗai na tambaya ba, na fita na sayi shayi wajen mai shayin bakin layi na jefa masa maganar a fakaice. Ya ce mafi yawan masu kwana nan 'yan jinya ne da iyayen ɗalibai, ana rufe ƙofa sha ɗaya. Mai shayi da maigadi da mai wanki sun fi allon da ke bakin ƙofa sanin gida. Sai a lokacin na biya, kwana ɗaya tak, ta taransifa, aka rubuta mini rasit da lambar ɗaki da kwanan wata. Gobe in na ga dama in ƙara. Sun nemi katin shaida sun rubuta, wannan kuwa bai dame ni ba, gidan da ba ya tambayar ko kai wane ne ba zai tambayi na ɗakin kusa da kai ba.

Bayan la'asar Inna ta ce atafau sai an kai ta birni ta gaida Gwaggo, 'yar wan mahaifinta da aure ya kawo Zazzau shekara fiye da hamsin. Na ce gwiwa fa? Ta ce gwiwar ba ta fi zumunci ba. Muka yi shatar Keke. Daga Ƙofar Doka gari ya sauya kama: lunguna matsattsu, zauruka na ƙasa a tsakanin gidajen bulo, almajirai da alluna, ga masu ɗinkin babbar riga zaune a ƙofar gida sun ɗora yadi a cinya suna bin zane da allura. Na tsaya kan wani matashi yana cike aska a gaban riga, zare fari a kan shadda fara, sai ka karkata kai kafin ka ga aikin. Ya ce mini irin wannan na hannu yakan ci makonni.

Gwaggo kuwa ta wanke mu tas. Ko zama ba mu gama yi ba ta ce, "Wato ina raye a garin nan za ku je ku kwana a otal kamar marasa kowa?" Kalmar otal ɗin ma sai da ta yatsina fuska kafin ta faɗa. Inna ta sunkuyar da kai kamar ƙaramar yarinya. Na ce, "Gwaggo, a yi haƙuri, nisan asibiti ne." Ta ce nisa a ƙafa yake, ba a zuciya ba. Gaskiyarta ta wani gefen, mu ma haka muka taso, baƙo gidan dangi yake sauka ko zauren mai unguwa. Amma na ga gidan da idona: ɗaki uku, jikoki sun fi goma, makewayi ɗaya irin na tsuguno, wanda gwiwar Inna ba za ta iya ba. Ban faɗi wannan ba. Muka rabu a kan cewa ranar Juma'a in an gama da likita a nan za mu ci tuwon rana. Ta cika mana kwano da dambu, ta ɗaure a ɗankwali. Hausarta ta riga ta koma ta Zazzagawa sarai, "rigan" da "motan" take cewa, ƙanwata na ta danne dariya.

A hanyar fita na sa mai Keke ya bi ta fada. Na daɗe ina jin labarin masallacin Juma'ar da ke nan, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a shekarun 1830 zamanin Sarki Abdulkarimu, kuma wani sashensa ya rufta kan masallata a watan Agustan 2023, aka rasa rayuka. Inna ta ɗaga hannu ta yi musu addu'a daga inda take zaune. Ba mu sauka ba, magariba ta kawo jiki, kuma dattijon asibiti ya riga ya gargaɗe ni cewa baƙo ya koma masauki da sauran haske, ya kuma yi cinikin abin hawa ya ƙare kafin ya ɗora ƙafa.

Mun dawo mun tarar an ɗauke wuta a unguwar, amma ƙwan ɗakinmu na ci. Muka ci dambun Gwaggo, na fita na ƙaro tsire da ruwan leda, don ba na shan na famfo a inda ban sani ba. Na tambayi maigadin nan alƙibla ya nuna mini, ya ce masallaci na bayan gida na uku. Kuɗi da katin asibiti da hoton gwiwa suna cikin jakar da zan yi matashi da ita. Na cika bokiti biyu na ajiye duk da famfo na zuba, na kuma je na tuna wa Hajiya mai makullai maganar ruwan zafi ƙarfe biyar da rabi. Ta ce ta rubuta.