Na je Jos kallon masu barci

Ta Falgore muka bi daga Kano, muka ɓulla Saminaka. A wani shinge kafin shiga Jos wani jami'i ya zazzage jakata, ya ci karo da wayoyin EEG da na riƙo wa malamina saƙo. "Kai, me za ka haɗa da waɗannan?" Na ce ranka ya daɗe, a ka ake manna su don auna lantarkin ƙwaƙwalwa. Ya ce shi zan raina wa hankali? Sai da ya ga katin aiki ya jefo mini jakar, ko sannu babu.

Malam likitan ƙwaƙwalwa ne, a gidansa ya sauke ni. Hajiyarsa ta cika ni da gwaten acca, ta ƙara mini bargo, don garin na bisa tudu, wajen mita 1,200, sanyinsa ba irin namu ba ne.

Shawara ta kai ni: in na gama horo, farfaɗiya zan bi ko ciwukan barci? Ya ce, "Likita, bari dare ya yi."

Wani direban tirela muka kwana muna kallo. An manna masa wayoyi a ka, gefen ido da haɓa, an ɗaura bel a ƙirji, ga na'urar auna iskar jini a yatsa. Minsharinsa har waje, sai ka ji tsit, numfashi ya ɗauke fiye da daƙiƙa 10, ya zabura. In hakan ya haura sau 30 a awa, ciwon ya yi tsanani. Wannan bawan Allah kuwa da safe sitiyari zai kama!

Daƙiƙa 30 ake karantawa a kowane shafi na zanen da na'urar EEG ke fitarwa, barcin awa 8 shafi 960 ke nan. Malam ya nuna mini wani tsini a zanen, da ke fitowa daga wayar tsakiyar kai idan mutum ya fara gyangyaɗi. Tsinin ba alamar ciwo ba ne, amma likitan da bai san ilimin barci ba sai ya rubuta farfaɗiya, a ɗora yaro kan magani shekara da shekaru. Ita kuma farfaɗiyar gaske ta fi bayyana a barci marar nauyi, shi ya sa ake hana majinyaci barci kafin gwaji. Ya ce, "To, wanne za ka bari?"

Maganin direban shi ne CPAP, injin hura iska da Colin Sullivan ya fito da shi a Ostareliya a 1981. Kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka, kuma wuta yake so har asuba. A unguwarmu sai dai mai sola.

Na leƙa kasuwar Farin Gada, dankalin Turawa da kabeji sun fi na Yankaba araha nesa ba kusa ba, masu sayarwar ma ba sa ɗaure fuska in ka taya. Direban motar komawa ya caje ni kuɗin kujera kan buhu ɗaya. Daga Jengre na yi barci, sai Kwanar Dangora.