Kalangu ba ya tsayawa wuri ɗaya

Kusan duk darussan ɗaukar sautin ganga da ke YouTube an shirya su ne don makaɗin da ke zaune a kujera, gangunansa kafe a kan ƙarafa. Mu kuwa a Sakkwato, mai ƙwanƙwasa ƙofar ɗan situdiyona da ke Mabera yawanci mai kalangu ne ko mai kotso, abin kiɗansa rataye a kafaɗa. Da zarar kiɗi ya yi zaƙi sai ya karkata, ya sunkuya, ya juya wajen 'yan amshi. Makirfon da ka saita wa fata ɗazu, yanzu gwiwar hannu yake kallo.

Kayana ba su da yawa: akwatin shigar da sauti Behringer UMC404HD mai ƙofa huɗu, makirfo Shure SM57 guda biyu, da tagwayen makirfo Behringer C-2, irin masu saurin kama sauti da ake kira kondensa. SM57 tun 1965 ake ƙera shi, yana jure duka da ƙura, ba ya kuma neman wutar bolt 48 da kondensa ke buƙata. Sai dai jabunsa sun cika kasuwa. Na gaske gram 284 ne, don haka ni kafin in biya sai an ɗora mini a sikeli, ko mai shago zai ɓata rai.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne nisa. Kowa gani yake idan aka manna makirfo a jikin fata an fi samun sauti mai tsabta. Ga gangar da ke kafe haka ne. Amma ƙa'idar ita ce duk lokacin da tazara ta ninka, ƙarfin sauti yakan sauka da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Idan makirfo yana santimita 5 daga fata, makaɗi ya ɗan ja baya zuwa 10, desibel 6 sun tafi. Idan kuwa yana santimita 30 ya koma 35, abin da aka rasa bai kai desibel 2 ba. Motsin ɗaya ne, ɓarnar ce ta bambanta. Ga kuma halin irin su SM57, kusanci kan sa su kumbura ƙasan sauti, sai kalangu ya riƙa kauri yana sirancewa gwargwadon rangajin mai shi. Shi ya sa nake ja da makirfo baya kamar taƙi ɗaya da rabi, in kautar da bakin makirfon kaɗan daga inda gula ke sauka, ya kalli tsakanin tsakiyar fata da bakinta. Sannan in shimfiɗa ƙaramar darduma in ce wa makaɗi ya yi duk rawar da zai yi, amma a kanta.

Wani dattijo mai kalangu, wanda ya daɗe yana yi wa mahauta da 'yan dambe kiɗi, ya taɓa kunna mini wani ɗauka da aka yi masa a wani wuri, yana ta girgiza kai.

"Ɗana, wanga ai duka na, ba kiɗi ba. Kalangu magana shika yi."

"Baba, a ina kake jin maganar idan kana kaɗawa?"

Sai ya matse tsarkiya a hammata ya saki, ya nuna mini wurin da ɗan yatsa: gaban ƙirjinsa, ɗan nesa da fatar. Gaskiyarsa. Kirarin da kalangu ke yi yana cikin hawa da saukar murya bayan gula ta sauka, kuma wannan jelar sautin ba ta kai ƙarfin bugun ba. Makirfon da aka cusa daidai wurin bugu tas-tas ɗin kawai zai cika da shi. Wanda ya san take zai saurara ya kasa gane wa ake kira, alhali don a gane ɗin aka zo.

Kotso, irin wanda Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka yi suna da shi, fatarsa ɗaya ce, gindinsa a buɗe, kuma da yatsu ake kaɗa shi. Kondensa nake sa masa a gaba don ya kama taɓin yatsu, idan ƙofa ta rage in ƙara SM57 a bakin gindin don kauri. A nan ne ake faɗa wa tarko. Lokacin da fata ta shiga ciki, makirfon gaba iska ke guje masa, na baya kuwa tura masa ita ake yi. Ka haɗa su haka, sai su cinye juna, sauti ya fito fayau ba nauyi. Maganinsa ɗan maɓallin juya fuskar sauti mai alamar Ø da ke cikin manhaja. Danna, saurara, sake dannawa, ka bar shi inda kotso ya fi cika kunne. Haka ma kalangu idan an sa wa fatar baya nata.

Ko makirfo biyu na gefe ɗaya, idan nisansu da ganga ya bambanta, rigima ce. Sauti na tafiyar kimanin santimita 34 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Bambancin santimita 34 tsakanin makirfo biyu ya isa ya haƙa rami, wato ya danne sauti, a wajen haz 500 (haz shi ne ma'aunin kauri da sirantar sauti) idan aka haɗe su. A hedifon ba lallai ka lura ba, amma mutanenmu a lasifikar waya da rediyon mai shayi za su ji waƙar, inda dama da hagu ke haɗewa. Saboda haka ba na sallamar kowa sai na saurari ɗaukar a mono, wato dama da hagu a haɗe.

Idan ƙungiya ce, mutum huɗu ko biyar, ba na bin kowa da nasa makirfo. Ƙofofin ma ba su kai ba. Nakan jera su kamar rabin da'ira, in giciye kawunan C-2 biyu a kusurwar digiri 90 daidai tsayin ƙirji, kamar mita ɗaya da rabi daga gare su. Mai ganga ya ja baya, mai kuntuku ya ɗan matso, uban kiɗi ya samu SM57 nasa. Da ƙafa ake daidaita su tun kafin a taɓa kwamfuta, kuma su ma sun fi sakewa, don haka suka saba tsayawa a fage.

Jefi-jefi matasan bandi kan kawo saitin gangunan zamani. Su tsarin Glyn Johns, injiniyan nan ɗan Ingila, nake yi musu: kondensa ɗaya a sama da ƙaramar gangar tsakiya, ɗaya a gefen babbar gangar dama yana kallon ta tsakiyar, sai in auna da zare in tabbatar nisansu da ita ɗaya ne. SM57 guda a gaban gangar ƙafa. Ba zai ba ka zurfin AKG D112, makirfon gangar ƙafa, ba, tunda daga haz 40 yake farawa, amma ya wadatar.

Ɗakin kansa bulo ne da tayil. Ka tafa sau ɗaya, za ka ji wani zirrr yana kai da komo tsakanin bango da bango. Kwalin ƙwai da ake mannawa ado ne kawai. Katifa biyu a jingine, kafet a ƙasa, da bargo a bayan makaɗi sun fi shi aiki nesa ba kusa ba, kuma ba na tsayar da kowa a lungu, inda ƙasan sauti ke taruwa.

Ina saita ƙarfin shiga yadda bugu mafi ƙarfi zai tsaya wajen desibel 10 ƙasa da sifili, domin makaɗi ba ya taɓa buga gwaji da ƙarfin da zai buga na gaske. Fanka kuma dole a kashe ta, kondensa ba ya yafe mata. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, hakan na nufin ɗauka gajeru, a buɗe ƙofa a sha ruwa a dawo. Da damina fatar ganga kan saki, sai a fitar da ita rana ta ɗan ɗame, kuma idan an dawo da ita nakan sake duba makirfo, don muryarta ta riga ta canza. Mafi yawan aikin da hantsi nake yin shi, kafin maƙwabci ya tayar da janareta.